Likita, wane ɗakin?

A bazarar da ta wuce, lokacin da zafin Afrilu ya koro kowa daga ɗaki zuwa tsakar gida, ƙyanda ta shigo gidan hayar da nake zaune a Bukoki, nan Yamai. Ɗan maƙwabciyata mai shekara uku ya fara da zazzaɓi da tari da jan ido, bayan 'yan kwanaki ƙuraje suka feso masa daga bayan kunne. Maigidanta yana bida a Abijan, saboda haka ni na tare mana taksi na raka ta likita. Ma'aikacin da ya duba yaron bai yi mana wulaƙanci ba. Ya ba shi bitamin A, ya rubuta magani, sannan ya ce: "Hajiya, in kun koma ki ware shi a ɗaki guda, kada sauran yara su raɓe shi."

Ta gyara goyonta, ta ce: "Likita, wane ɗakin?"

Bai amsa ba, ni ma ban amsa ba. Ɗakinta ɗaya ne da 'yar rumfar kwano a gaba, 'ya'yanta biyar. Gidan namu ƙofa tara ne, makewayi ɗaya, wurin wanka ɗaya, famfo ɗaya. In yaran gidan suka taru wasa da marece sun fi ashirin.

Da dare na kai labarin fada, majalisarmu ta hira, ana shayi. Magana ta gangara har ta faɗa kan korona, sai wani dattijo da muke ce wa Baba, tsohon direba, ya ajiye kofinsa ya ce: "Ni dai ɗana, in wata annoba ta sake zuwa, ko da bindiga ba mai ɗaukata zuwa wata cibiyar killace masu ciwo. Gara in mutu a ɗakina iyalina na laƙƙana mini kalmar shahada." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na kusa gyaɗawa, sai na tuna wa ke kwana a ɗakin Baba: matarsa mai ciwon suga, da jikoki uku.

Wannan gyaɗa kan ne ya sa ni rubutun nan. A gari irin Yamai, ce wa mai cuta mai yaɗuwa "je ka killace kanka a gida" riga ce da aka ɗinka wa mai katafaren gida a Kwara Kano ko Plato, aka rataya wa talaka. Wanda ba shi da ɗaki na biyu, hukuma ce ya kamata ta samar masa da shi: wuri a cikin unguwarsa, da abinci, da ma'aikacin lafiya, da damar ganin nasa. Kuma ya tafi da ƙafarsa, da yardarsa. Ranar da aka sa soja a cikin lamarin, an yi asarar gidan da cibiyar baki ɗaya.

A waje ake kwaso ta, a gida ake raba ta

A watan Fabrairun 2020, tawagar haɗin gwiwa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙasar Sin ta bi sawun korona a lardunan Guangdong da Sichuan. Ta tarar da cewa kashi 78 zuwa 85 cikin 100 na gungun masu cutar 'yan gida ɗaya ne. A birnin Wuhan kuwa, da asibitoci suka cika, an fara da cewa masu sauƙi-sauƙi su zauna gida. Sai miji ya ba mata, mata ta ba uwarta. Ganin haka suka buɗe filayen wasa da manyan zaurukan baje koli, suka jera gadaje. Na farko sun fara karɓar mutane ranar 5 ga Fabrairu. Guda 16 aka yi, mutum wajen 12,000 suka kwanta a ciki, ranar 10 ga Maris aka rufe na ƙarshe. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: gado, abinci, ma'aikaci mai auna zafin jiki da iskar jini, da mota a ƙofa domin wanda jikinsa ya rikice.

Ba na cewa waɗannan zaurukan kaɗai suka kashe wutar, don an rufe birnin ruf a lokacin. Abin da nake so a lura da shi, mutanen Wuhan iyali ne ƙanana, galibi kowane gida da makewayinsa da famfonsa. In zaman gida bai riƙe cutar a can ba, ina ga gidanmu mai ƙofa tara?

Ga ƙa'idojin jinyar mai korona a gida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020. Ɗaki shi kaɗai, mai shan iska. Mai jinya ɗaya, lafiyayye, wanda ba tsoho ba. Kwanonsa da kofinsa daban. Wanke hannu a kai a kai, da goge makewayi. Kwana 10 daga fara ciwo, a ƙara 3 bayan ya warware. Yanzu a ɗauki wannan takarda a shiga da ita gidanmu da asuba, lokacin da ake layin makewayi kowa da butarsa. Randa ɗaya ce da moɗa ɗaya. Tuwo a kwano ɗaya yara ke sa hannu. Ranar da famfo ya ɗauke, a wurin 'yan ga-ruwa ake saye, kuma ba mai sayen jarka don goge ƙofa. Ɗakin da aka ce a kulle marar lafiya a ciki rufin kwano ne, a watan da zafi ke kai maki 45. Kafin cutar ta kayar da shi, ɗakin ya gasa shi.

In za a yi adalci, gidajenmu suna da abu ɗaya da gidan bene ba shi da shi: tsakar gida. Rabin rayuwarmu a fili take, iska na kaɗawa, kuma cutar numfashi ba ta son haka. Ga shi kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Watakila waɗannan na cikin abin da ya sa korona ta yi mana da sauƙi: waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai 10,000 ba, mamata sun ɗan haura 300, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne. Sai dai wannan sa'a ce Allah ya ba mu, ba mu muka tsara ta ba. Cutar da za ta zo gaba tana iya zama mai son yara.

"Ai kafin a gane, kowa ya riga ya shaƙa"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a wurin masu son zaman gida, kuma wani ma'aikacin jinya abokina ne ya fara jefo mini ita. Ya ce mai ƙyanda yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, ƙwayar kuma tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita. Cikin yara 10 marasa rigakafi da suka zauna da shi, 9 za su kamu. To mene ne amfanin ɗauke shi bayan aikin gama ya gama?

A kan ƙyanda na ba shi gaskiya. Maganinta allurar rigakafi ce, ta wata 9 da ta biyu da ke biye, kuma da a ce duk yaran gidanmu sun samu, da tambayar maƙwabciyata ba ta yi nauyi haka ba.

Amma cuta suna ta tara. Korona ma tana fara yaɗuwa kwana ɗaya ko biyu kafin mutum ya ji jiki, duk da haka wani nazari da ya tattara bincike 54 a ƙarshen 2020 ya nuna cewa kusan kashi 17 cikin 100 ne na mutanen gida ke kamuwa daga marar lafiyansu. Da nau'in Omicron ya zo, adadin ya haura 40. Juya lissafin: ko a lokacin Omicron, fiye da rabin gidan ba su kamu ba. Ma'ana ranar da aka gane Baba yana da ita, akwai kyakkyawan zaton matarsa ba ta riga ta ɗauka ba. Kowane dare da suka ƙara a ɗaki ɗaya, wata ƙuri'a ce aka sake jefawa a kanta.

Ebola kuwa ba ta da gardama. Mutum ba ya yaɗa ta sai ya fara ciwo, kuma gwargwadon tsanantar ciwon gwargwadon haɗarin amansa da zawonsa da jininsa, har gawarsa ta fi komai haɗari. Mai goge masa jiki shi ne na gaba a layi. Tsakanin 2014 da 2016 ta kama mutum sama da 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe sama da 11,000, da yawansu masu jinya ne da masu wankan gawa. Maƙwabciyarmu Najeriya ta tsira da mutum 20, takwas suka rasu. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar a jikinsa. Ya matsa a sallame shi daga asibiti, likita Ameyo Adadevoh ta ƙi. Ita kanta cutar ta kashe ta. Da ta ce masa "je ka huta a masauki", da labarin ya iso Birnin Ƙonni da Maraɗi a cikin motocin haya.

Saboda haka ba doka ɗaya za a yi wa kowace ƙwaya ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki hujjar ƙyanda a rufe bakin kowace cuta da ita, don kawai ta fi arha ga hukuma.

Tsoron Baba ba na banza ba ne

Duk wanda ke Yamai a 2020 ya san inda maganar Baba ta samo asali. Ranar 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko. Kafin ƙarshen watan an sa dokar ta-ɓaci, an hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, an datse birnin ba shiga ba fita, an rufe masallatai. Matafiya aka kai otal ɗin Gaweye da wurin da ake kira Village Chinois, masu tsanani aka kai babban asibitin Référence. Lambar da aka ce a kira ita ce 15. A unguwanni kuwa abin da ake faɗa daban ne: in ka kira, mota za ta zo da mutane cikin fararen kaya kamar aljanu, maƙwabta su leƙo, daga ranar ba mai sayen ƙosan matarka. In ka cika a can, ba a ba danginka gawa su yi maka sutura yadda suka saba. Mutane da dama suka haɗiye tarinsu, suka sha tazargade da lemun tsami a ɓoye.

A watan Afrilu, gab da azumi, matasa suka ƙona tayoyi a kan hana sallar jam'i, aka kama sama da mutum 100. Ɗaya daga unguwannin da abin ya fi zafi ita ce Lazare. Abin dariya abin tausayi, kalmar "lazaret" a Faransanci sunan wurin keɓe masu cuta mai yaɗuwa ce. A cibiyar da ke unguwar aka kwantar da dubban masu sanƙarau a 2015, kuma ba wanda ya ƙona taya. Iyaye da kansu suke sungumo 'ya'yansu su kai, don sun ga ana ba da magani, sun ga ana fitowa da rai. Ranar 13 ga Mayun 2020 gwamnati ta buɗe masallatai ta ɗage dokar hana fita.

Ba mu kaɗai ba ne. A Monrobiya, a watan Agustan 2014, mutanen unguwar West Point sun fasa wata cibiyar keɓe masu Ebola da aka kafa musu ba tare da shawararsu ba. Gwamnati ta zagaye unguwar da soja da waya mai ƙaya, aka harbi wani yaro ya mutu, bayan kwana 10 aka janye. A Womey ta ƙasar Gini, a watan Satumba, an kashe mutum 8 na tawagar wayar da kai. A Gombe, a watan Mayun 2020, masu korona sun fito daga cibiyarsu sun tare hanya suna kukan rashin kulawa, suka cuɗanya da mutanen gari. Ita kanta Sin da na yaba ɗazu, ta ja igiyar har ta tsinke: a watan Satumban 2022 motar da ke kai mutane wurin killacewa da tsakar dare ta kife a lardin Guizhou, mutum 27 suka mutu. A watan Disamba gwamnatin ta haƙura ta yarda da zaman gida.

Duk waɗannan ba su nuna mini cibiya ba ta da amfani ba. Sun nuna mini cewa cibiyar da ake tsoro ta fi rashinta muni, don tana koya wa mutane ɓoye ciwo. Mai ɓoyon ciwo kuma yana sahun gaba a masallaci, yana cikin faba-faba, yana zaune kusa da kai a wurin suna.

Wa zai ba shi ruwa?

Nan ne masu tsara abubuwa a ofis suka fi yin tuntuɓe. A ƙasar nan ba a kwanciya asibiti ba mai jinya. Je ka kowane babban asibiti da dare ka ga mata a kan tabarmi ƙarƙashin itatuwan dogonyaro, da tukwanensu da butocinsu. Su ke dama kunu, su ke wanke zane, su ke juya marar lafiya, su ke gudu kantin magani da takarda. Idan ka ce wa Bahaushe za a kwantar da uwarsa inda ba nata ko ɗaya, abin da ya ji shi ne za a jefar da ita. Kuma sau da yawa bai yi kuskure ba, don ma'aikaci ɗaya ba ya iya shayar da mutum talatin.

Kakata ta wajen uwa, a ƙauyenmu na Adar, gabas da Tawa, tana da zanen agana a fuska. Ta ce lokacin da ta kamu tana yarinya, bukka aka yi mata a bayan gari, aka haɗa ta da wata tsohuwa wadda ta taɓa yin cutar ta tashi. Uwarta kan kawo fura ta ajiye a gindin wata bagaruwa, ta tsaya daga nesa ta kira sunanta har sai ta amsa. Ba likita a wurin, ba farar riga. Amma sun gane abubuwa uku: a raba ta da gida, a ba ta mai jinyar da cutar ba ta kamawa, kuma kada a raba ta da muryar uwarta. An kawar da agana daga duniya a 1980, dabarar kuwa ba ta tsufa ba.

Ƙungiyar likitoci ta ALIMA, wadda aka kafa a 2009 kuma a nan Nijar ta fara aiki, ta ƙirƙiro wani ɗaki na leda mai garai-garai domin masu Ebola, aka yi amfani da shi a Kwango daga 2018. Dangi na tsayawa a waje suna ganin nasu suna magana da shi. A cibiyoyin Ebola kuma, waɗanda suka warke su aka riƙa ɗauka su rungumi yaran da ke kwance. Bukkar kakata ce aka sa wa leda.

To cibiyar da nake kira a yi, a yi ta da wannan hankalin. Ta kasance inda matar mutum za ta iya zuwa da ƙafa. A yi shinge biyu da tazara, a sa benci, a bar mutane su yi dubiya daga nesa. A karɓi kwanon gida. A bar wa marar lafiya salularsa, a ba shi wurin caji. Ɓangaren mata daban, da ma'aikata mata, don akwai magidanta da yawa da ba za su bar matansu su kwana inda maza ke kai da kawowa ba, kuma gardama da su a tsakiyar annoba ɓata lokaci ne. Yaro ƙarami ya shiga da uwarsa, a ba ta takunkumi a koya mata. Wanda ya rasu, a kira limamin unguwa da mutum biyu daga dangi, a sa musu kayan kariya, a yi masa sallah suna gani.

Tukunyar da aka bari a gida

Akwai abin da Baba bai faɗa ba, amma ɗan kabu-kabun da ke gefensa ya faɗa: "Yaya, ni in na kwanta kwana 14, wa zai ba su na cefane? Babur ɗin ma ba nawa ba ne, kullum sai na kai wa mai shi."

Wannan tambaya ta fi ƙarfin gida da cibiya duka. Mutumin da ke hannu baka hannu ƙwarya, in ka ce ya zauna gida, kwana biyu zai yi, na uku ya ɗaura rawani ya fita kasuwar Katako neman abin sawa a baka. In ka kai shi cibiya ka ba shi shinkafa da nama alhali 'ya'yansa na kwana da yunwa, katanga zai haura. Ba taurin kai ba ne. Ni ma haka zan yi.

Don haka buhun hatsi da galan ɗin mai da 'yan jikkuna da za a kai gidan wanda ya yarda ya keɓe kansa, a lissafa su cikin kuɗin magani. Aiki yake yi wa gari: ya bar nemansa don kada ni da kai mu kamu. Ana biyan mai gadi, shi ma a biya shi. Kuma ranar da unguwa ta ga an sauke buhu a ƙofar gidan mai cuta maimakon a zo da jiniya, rabin ƙyamar ta tafi.

Ba gudun ƙaddara ba ne?

Ba zan daɗe a nan ba, don malamai sun fi ni sani. Hadisin da ke cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita, yana cikin Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Dubiya sunna ce, ba mai musu. Sai dai ɗakin marar lafiya a wurinmu ya fi tasha cika: surukai, abokan aiki, matan unguwa, kowa sai ya shiga ya zauna ya ce sannu. Wace matar gida ce za ta iya tare surukarta a ƙofa ta ce "Inna, ba a shiga"? A cibiya shinge ne zai faɗi wannan maganar, ba wanda zai riƙe ta a zuci har shekara goma.

Ina kuɗin, ina wurin?

Wani zai ce ƙasar da asibitocinta ke fama da gado da iskar oksijin, ina ta ga kuɗin gina cibiyoyi? Ai saboda ƙarancin gadon ne nake wannan magana. Alƙaluman farko daga Sin, na mutum sama da 44,000, sun nuna kashi 81 cikin 100 ciwonsu mai sauƙi ne, 14 mai tsanani, 5 suna bakin mutuwa. In aka kwashe kowa aka kai asibiti, masu sauƙi za su cinye gadon masu tsanani, su kuma harbi ma'aikata da masu haihuwa da masu ciwon ƙoda. In aka bar kowa a gida, wanda zai rikice zai rikice ba mai gani. Korona ta saba yaudara: a mako na biyu iskar jinin mutum na iya faɗuwa yana zaune yana hira, sai an maƙala masa 'yar na'urar nan a yatsa a ga ta sauka ƙasa da 90. A gidan haya da ƙarfe 2 na dare, ba na'ura, ba mota, sai "bari gari ya waye".

Cibiyar unguwa tsakanin biyun take, kuma ba gini take buƙata ba. A lokacin annoba azuzuwan lakwal a rufe suke, gidajen matasa a rufe, filayen ƙwallo ba kowa. Rumfar zana mai tsawo, da gidan sauro, da tankin ruwa, da makewayi huɗu, sun fi ɗakin kwano lafiya nesa ba kusa ba. Abin da ke da wuya shi ne mutane: ma'aikatan da za a horar, a ba su kayan kariya, a biya su kan lokaci. Da kuma gwaji kafin a shigar da mutum, don kada a kwantar da mai zazzaɓin cizon sauro kusa da mai annoba ya shiga da cuta ɗaya ya fito da biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu da ake zaman lafiya ne ya kamata kowane mai unguwa da limami da shugabar mata da manjon likitar unguwa su zauna su nuna wurin da yatsa, kowa ya san shi tun kafin a buƙace shi.

Wanda kuma yake da ɗaki na kansa da makewayi, ba tsoho ko mai suga ko mai ciki a gidan, cutar kuma ba irin Ebola ba ce, a bar shi ya zauna gida. A ba shi na'urar yatsa, a kira shi safe da yamma. Ɗauke irin wannan ɓarnar gado ce. A ƙauye ma haka: ɗan bida da ya dawo Adar daga Abijan ko Libiya da tari, akwai fili, a kafa masa bukka a bayan gida, ya fi a ɗora shi a mota a kai shi Tawa. Matsatsin birni ne ke buƙatar cibiya.

A gidanmu yara bakwai suka yi ƙyandar. Shida sun tashi a tsakar gida. Ta bakwai ita ce goyon da ke bayan maƙwabciyata ran da muka je likita, 'yar wata bakwai, ba ta kai lokacin allura ba. Ita ce ta kwana tara a asibiti da robar iska a hanci, uwar na kwana a tabarma, tukunyar kokon da take sayarwa a kife. Mu muka yi karo-karo muka ciyar da sauran huɗun.

Da na koma fada na zayyana wa Baba cibiyar da nake nufi, da shingenta da bencinta da buhun hatsinta, ya saurara har na gama. Ya ce: "Tsohuwar tawa za ta iya kawo mini fura?" Na ce za ta iya. "Rediyona fa?" Na ce har da shi. Ya kurɓi shayinsa, ya ce: "To, saura kuɗin haya. In ka samo wanda zai je ya yi wa mai gidanmu bayani ranar 5 ga wata, ka dawo mu yi magana."